Laimar Yaya Tukuna

Yayana mai aski ne, kuma duk tsawon layinmu babu mai kiransa da sunansa na yanka. Tukuna ake ce masa. Ni ce na laƙaba masa tun muna yara, ban kuma taɓa yin nadama ba, don ya ci sunan nan har ya wuce. Idan mahaifiyarmu ta sa mana nama a kwano, kafin ta juya baya ni na haɗiye nawa. Shi kuwa sai ya tura nasa gefe, wai sai ƙarshe. Wata rana kyanwar maƙwabta ta riga shi zuwa ƙarshen. Bai yi kuka ba. Ni ce na yi kukan, don haushi.

Yanzu gemunsa ya yi fari, halin kuma yana nan yadda na san shi. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, da madubi mai tsaga a kusurwa, da benci na masu jira, da kujerar aski wadda ta daina juyawa, sai dai shi ya riƙa zagaya mutum. A kan kanta akwai sabon injin aski a cikin kwalinsa, ko ledar ba a ɓare ba. Tsohon injin kuwa cizon ƙeyar mutane yake yi, daga waje kana jin ana tsaki. Ka ce masa ya buɗe sabon, sai ya hure gashin da ya maƙale a bakin tsohon ya ce, "Tukuna, wannan bai mutu ba."

Kada a ɗauka marowaci ne. Da rowa ce da na samu sauƙi, don na san yadda ake wanke marowaci. Mutumin nan kyauta yake yi wa tsofaffin layi aski, yaro mai tsoron inji kuma a hannunsa yake barci. Abu ɗaya ne ba ya iyawa, wato taɓa abin da ya ajiye don babbar rana. A ganinsa duk ranar da ya taɓa shi, ya yarda ke nan babbar ranar ta zo, bayanta kuma babu sauran dabara. Shi ya sa kullum yake lallashin kansa cewa ba yau ba ce.

Halin nan ne ya raba shi da ɗansa. Ɗa ɗaya Allah ya ba shi, muna ce masa Dogo. Lokacin da matar Yaya ta kwanta ciwo, Dogo yana can wani gari mai nisa, bai daɗe da samun aiki a kamfanin yin tayil ba. Jinya kam Yaya ya yi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi ne wanki, shi ne ba da magani, a ƙasan gadon asibiti yake shimfiɗa kwali ya kwanta. Amma da na ce a kira Dogo, sai ya girgiza kai.

"Tukuna. Sabon aiki ne, kada a tayar masa da hankali a banza. Za ta warware."

Na sake faɗa, ya sake maimaitawa. Ina kallon matar nan tana ƙarewa kamar sabulu a ruwa, shi yana ta lissafin warwarewa. Da abin ya kai ni bango na ɗauki wayata na kira yaron da kaina, amma hanyar da nisa. Dogo ya iso ya tarar an dawo daga maƙabarta.

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi. Ya zauna ya karɓi gaisuwa, kansa a ƙasa, da aka watse ya ɗauki jakarsa ya koma. Tun daga nan bai sake kiran ubansa ba. Uban kuma bai kira shi ba, wai sai zuciyar yaron ta huce tukuna. Ni suka mayar wayar tsakaninsu. "Ki gaishe min da shi." "Gwaggo, ki ce ina amsawa." Shekara ta zagayo, wata ta biyo ta, ina kai gaisuwa ina dawo da amsa kamar ba ni da aikin yi.

Abin dariya, wasan waya ne ya sake haɗa muryoyinsu. Ni tela ce, shagona yana ƙarshen layin. Da Dogo ya zo hutu a gidana ya sauka, ya ga yadda nake zama jugum idan babu ɗinki, sai ya sa min wani wasa a waya, irin wanda ake yi da mutane ta intanet, kowa yana inda yake ana jin muryar juna. Na ce ni da shekaruna? Kafin ya koma na kamu, har rigar wata mata na ƙone da dutsen guga. Wasan na mutum huɗu ne. Ga ni, ga Dogo, ga Mai Faci, maƙwabcin shagon Yaya, wanda dama ya daɗe yana yi. Saura ɗaya. Na kira Dogo a waya na ce, "Babanka fa?" Ya ce, "In wasa ne kawai, to. Amma ban da wata magana."

Haka Yaya, mutumin da yake rubuta saƙo da yatsa ɗaya yana motsa leɓe, ya shiga koyon yaƙi a waya. Duk mako ranar hutun Dogo, da rana, Yaya yakan janyo ƙofar shago rabi, mu zauna a benci ni da shi da Mai Faci, muryar Dogo tana fitowa daga wayoyinmu. "Baba, hagu." "Baba, tashi daga nan." Iyakar abin da yake samu ke nan daga bakin ɗansa, kuma da shi yake kwana yake tashi har mako ya zagayo. Ni na sani, don na taɓa jin yana gaya wa wani da yake yi wa aski, da fara'arsa, wai jiya sun yi hira da Dogo.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Mu huɗu za mu shiga wani kango, mu bi ta cikin 'yan kibiya, a ƙarshe mu tarar da Ƙato mai guduma. Kowa yana da layin jini a saman kansa, idan ya ƙare ka mutu, sai ka zauna kallo. Dogo takobi ne da shi, Mai Faci gatari, ni kuma wuta nake jifa, kuma kowa ya ce ta dace da ni. Yaya aka ba aikin kariya, don Dogo ya ce shi ne ba ya buƙatar saurin hannu. Yana da maɓalli ɗaya na gaggawa wanda muke kira laima, saboda idan an danna wani haske ne yake buɗewa a kan mutum ɗaya, na ɗan lokaci babu abin da zai taɓa shi. Sau ɗaya ake samunta a kowane zagaye, kuma ba ta kai wa nesa. Kibiyoyi kaɗan kaɗan suke cin jini. Guduma kuwa idan ta sauka, ko jininka a cike yake ka tafi. Don haka masu wasa sukan ajiye laima don guduma. Amma Mai Faci ya sha gaya masa, har da buga benci:

"Maigida, gaskiya ne ta guduma ce. Amma in ka ga jinin mutum ya zo ƙarshe, ka buɗe masa kawai! In ya mutu wa za ka kare daga gudumar?"

Sai Yaya ya gyaɗa kai, ya gyara tabarau. A shiga wasa kuma a koma gidan jiya. Jinina yana zuba, ina ihu, "Yaya, laima! Laima!" yana cewa, "Tukuna." In mutu. Mai Faci ya yi ihu, ya mutu. Dogo can gaba shi kaɗai yana sara, har su taru su kayar da shi. A ƙarshe Yaya ya mutu da laimarsa sabuwa fil. Wallahi akwai ranar da na ji kamar in ɗauki almakashinsa in yanke masa babban yatsa, tunda ba ya amfani da shi. Muka yi ta faɗuwa a wuri ɗaya, mutanen da suka fara bayanmu suka wuce mu.

Rannan Dogo ya kira ni bayan wasa. Muryarsa a sanyaye, kuma na fi tsoronta a haka.

"Gwaggo, ina da abokai a nan da suka iya wasa. Ranar hutu ɗaya gare ni. Ba zan ƙarar da ita ina jin wannan kalmar ba. Kin san ba na son jin ta."

Na sani. Na roƙe shi ya ƙara haƙuri kaɗan, ya ce to, kaɗan.

Mako na gaba na matsa jikin Yaya a benci da gangan. Da aka kashe ni, maimakon in yi ta masifa yadda na saba, sai na leƙa wayarsa. Maɓallin laima ya dushe, ya yi toka-toka, a tsakiyarsa kuma ga ɗan hoton Dogo. Ashe akwai yadda ake ɗaure laimar a kan mutum ɗaya, ta yadda ba za ta faɗa wa kowa ba sai shi, kuma tsohon nan da ba ya iya ƙara hasken wayarsa ya binciko wannan ya ɗaure ta a kan ɗansa. Dogo kuwa kullum yana can gaba, inda laimar ba ta kaiwa. Ina kallon ɗan mutumin Yaya a cikin wasan yana ta gudu da nauyin sulkensa yana bin bayan Dogo, kibiyoyi suna cin sa, bai cim masa ba har ya faɗi.

Da aka gama, Dogo ya sauka daga wasan ba sallama, na fizge wayar.

"Yaya, mene ne wannan?"

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Laima ɗaya ce. In na ba ki, shi fa?"

"Mu kuma itace ne? Wata nawa muna mutuwa a gabanka kana kallo!"

Mai Faci ya leƙo, ya gani, ya riƙe baki. "Kai, Maigida! Ashe ni duk ihun da nake yi, da bango nake?"

"To ka gaya masa ya riƙa tsayawa kusa da kai mana," na ce. "Baki gare ka!"

"Kada in takura masa. Ya ce ban da wata magana."

Na rasa wanda zan fara da shi. Na fita na bar mayafina a benci, sai Mai Faci ne ya biyo ni da shi. Ina isa shago na kira Dogo, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce ubanka ba riƙe laima yake ba, kai ya ɗaure wa ita, kai kuma kana gudu kamar an biyo ka da bulala. Na ce tsoho yana haki a bayanka duk mako, ko waiwaye ba ka yi. Ya saurara har na ƙare.

"Ni ya ɗaure wa?"

"Kai."

"To, za mu gani," ya ce, ya kashe.

Na ɗauka na gyara abu. Har na gaya wa Mai Faci cewa wannan makon Ƙato zai ga ta kansa.

Ranar ta zo da zafi, fankar shagon tana juya iska mai ɗumi da ƙananan gashi. Muka shiga kango. Tun daga farko na ga canji, Dogo bai yi gaba ba, yana tafe kafaɗa da kafaɗa da ubansa. Na saci kallon wayar Yaya, maɓallin ya yi haske, kore shar. Shi ma ya gani, har numfashinsa ya canza. Muka share 'yan kibiyar farko, muka isa filin Ƙato da jininmu kusan a cike, abin da ba mu taɓa yi ba.

Ana tsakiyar faɗa sai Dogo ya daina sara. Ya zo gaban ubansa ya tsaya cak, takobi a ƙasa. Na zaci sabis ne ya ɗauke masa.

"Dogo, kana ji na? Motsa mana!"

"Ina ji, Gwaggo."

Bai motsa ba. 'Yan kibiyar da ke kan katanga suka juyo kansa. Jininsa ya fara sauka, kaɗan kaɗan, ya wuce rabi. Nan na gane abin da yaron nan yake yi, raina ya ɓaci da shi ƙwarai, don wannan ba wasa ba ne kuma, tarko ne ya ɗana wa ubansa a gaban mutane.

"Yaya, danna," na ce.

Yatsansa yana kan maɓallin. Idonsa kuwa ba ya kan jinin Dogo, yana kan Ƙato, wanda ya fara ja da baya yana gyara tsayuwa, alamar guduma ta kusa.

"Maigida, buɗe masa!" in ji Mai Faci. "Jinin ya yi ja!"

"Gudumar tana zuwa," Yaya ya ce a hankali. "In na buɗe yanzu za ta ƙare kafin ta sauka."

"Ba zai kai ba! Yaya, dubi jinin! Danna, don girman Allah!"

Muna jin ƙarar wata fanka daga ɗakin Dogo can, da numfashinsa. Layin jinin ya zama siriri kamar zaren da nake sa wa allura. Na saki wasana na kai hannu zan danna wa Yaya da kaina, ya kauda wayar gefe. Zufa tana ɗiga daga gemunsa.

"Saura kaɗan," ya ce. "Saura kaɗan, ɗana."

Kibiya ɗaya, ƙarama, irin wadda ko kulawa ba ma yi, ita ta ƙarasa shi. Dogo ya faɗi. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba Ƙato ya ɗaga guduma, ƙasa ta yi ja, Yaya ya danna. Da yake wanda aka ɗaure wa laimar ya mutu, sai ta buɗe a kan mai ita. Gudumar ta sauka ta share ni, ta share Mai Faci. Ƙura ta lafa, ga Yaya tsaye shi kaɗai a cikin haske, jininsa ko ɗigo bai ragu ba, mu uku a zube kewaye da shi.

Ya ɗago ya dube ni. "Amma ai na kama ta daidai," ya ce. "Kin gani, daidai lokacin da ta sauka."

Muryar Dogo ta fito daga wayoyi uku a lokaci ɗaya, ba ihu, ba zafi.

"Ka kama ta daidai, Baba."

Sai ƙarar fankar ɗakinsa ta ɗauke. Na duba jerin abokan wasa, sunansa ya ɓace daga nawa, ya ɓace daga na Mai Faci. Ban ma tsaya duba na Yaya ba.

Abin da na faɗa wa yayana a ranar ban taɓa faɗa wa wani mahaluƙi ba, kuma ba zan janye ko kalma ɗaya ba. Na ce yaro ya zo gabanka ya tsaya, ya ajiye takobi, me kake so ya ƙara yi, ya rubuto maka a takarda? Na ce kai kullum babbar masifa kake jira, ƙananan suna cinye maka mutane a gaban idonka. Na ce lissafinka daidai ne, kullum daidai ne, ga ka nan tsaye da lafiyarka, sai ka duba ka gaya min wa ya rage. Mai Faci yana ta "Haba, Gwaggo, ya isa," na ce ya rufe min baki shi ma. Mutane suka fara taruwa a bakin ƙofa. Shi kuma Dogon, na ce, in na kama shi sai ya gaya min wanda ya koya masa gwada ubansa kamar ana gwada taya a ruwa. Ina faɗa ina kuka, kukan kuma yana ƙara min haushi.

A wayar Yaya Ƙato ya riga ya gama da shi, allon yana tambaya ko za a sake. Ya fita daga wasan. Na ga yana laluben lambar Dogo da yatsa ɗaya, ya wuce, ya dawo, ya dafa wayar a gwiwa. Ya danna, ya kai kunne.

Daga inda nake ina jin tana ringin. Ta yi ta yi har ta yanke. Ya sauke, ya duba, ya sake dannawa.

Wani mutum ya turo ƙofa da ɗansa a hannu ya ce ko ana aski. Mai Faci ya tare shi ya ce yau babu, ya ja ƙofar ya rufe. Wayar ta sake yankewa. Yaya ya goge allon da bakin rigarsa, ya sake kira.

Na ɗauki mayafina. Ina da ɗinkin da zan bayar da yamma, kuma ba zan iya ci gaba da kallonsa ba. Har na kai bakin ƙofa ya kira ni, wayar tana kunnensa, muryarsa kamar ba tasa ba.

"Idan ya ɗauka, me zan ce masa?"

"Ka fara da sunansa," na ce.

Ya gyaɗa kai. Tana ta ringin na fito.